Birnin gobe a fim: ginin gaske, ginin wucin gadi, ko zanen kwamfuta?

Duk wanda ya yi niyyar shirya fim ɗin almarar kimiyya, wato irin labarin da ake ƙagowa a kan zamanin da bai zo ba ko duniyar da ba tamu ba, zai tarar da wata tambaya tana jiransa tun kafin ya zaɓi jarumai: a ina mutanen labarin za su zauna? A fim ɗin soyayya ko na rikicin gado, falo ɗaya da kujeru masu kyau sun wadatar, domin mai kallo ya riga ya san duniyar da ake ciki. A almarar kimiyya kuwa bai santa ba, kuma ginin da ya fara gani shi ne zai gaya masa wane ne mai mulki a wannan duniya, wane ne talaka, me ake tsoro, kuma me ya yi ƙaranci, ruwa ne ko iska ko fili.

Hanyoyin samar da wannan gini uku ne. Ko dai a nemo ginin da yake tsaye a wani gari a ɗauke shi ta fuskar da zai zama baƙo a ido, ko a gina na wucin gadi da katako da filasta a cikin situdiyo, babba ko ƙarami, ko kuma a zana shi a kwamfuta a dasa mutane a ciki. Manyan kamfanoni sukan haɗa ukun a fim ɗaya, amma wanda kuɗinsa ƙididdigaggu ne dole ya san wadda zai jingina da ita, domin ita ce za ta cinye mafi yawan kasafinsa, ita ce kuma za ta shata masa irin labarin da zai iya bayarwa. Ra'ayina shi ne ginin gaske ya fi cancanta ya zama ginshiƙi ga mai ƙaramin jari, sai dai wannan hukunci yana da sharuɗɗa, kuma akwai labaran da ba ya yi musu aiki ko kaɗan.

Kafin a shiga awo, ya kamata a fahimci aikin da ake so ginin ya yi, kuma a nan babu misalin da ya kai fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, wanda aka fara nunawa a Balin ta ƙasar Jamus a 1927. Birnin da ke cikinsa hawa-hawa ne: masu dukiya suna can sama a dogayen benaye da lambuna, ma'aikata kuma suna ƙarƙashin ƙasa kusa da injinan da ke ba birnin wuta. Babu buƙatar wani jarumi ya buɗe baki ya yi bayanin zalunci, domin tsarin garin ya riga ya faɗa. Fina-finan da suka biyo baya sun gaji wannan darasi, cewa da tsawo da zurfi, da faɗi da ƙunci, da haske da duhu ake nuna matsayin mutane. Saboda haka ma'aunin farko da za a ɗora kowace hanya a kai shi ne ko za ta iya samar da ginin da ke bayyana halin al'ummar labarin. Kuɗi da lokaci da ƙwarewa suna zuwa bayan wannan.

Mu fara da ginin gaske. A 1965 Jean-Luc Godard ya shirya Alphaville, labarin wani birni da na'ura mai tunani ke mulka, kuma bai gina komai ba. Ya shiga birnin Faris da daddare, ya nemi sababbin ofisoshin gilashi da kankare da aka gina a shekarun nan, da dogayen barandun otal, da matattakalai, ya ɗauke su baƙi da fari cikin ƙarancin haske. Abin da ya gane shi ne kowane babban birni yana da wasu sassa da suka riga sauran shiga gobe, kuma aikin mai kyamara shi ne ya ware su daga abin da ke kewaye da su. Bayan shekaru 32, a 1997, fim ɗin Gattaca ya bi wannan sawu a Amurka. Hedikwatar kamfanin zuwa sararin samaniya da aka nuna a cikinsa ofishin ƙaramar hukuma ne a Marin ta jihar Kalifoniya, wanda Frank Lloyd Wright ya zana kafin rasuwarsa a 1959, aka buɗe sashensa na farko a 1962. Wato ginin da ya shekara 35 shi ne ya tsaya a matsayin gobe, kuma ya tsaya daram, domin dogayen barandunsa masu lanƙwasa da tsabtarsu mai sanyi sun dace da labarin al'ummar da ke tantance darajar mutum ta ƙwayoyin halittarsa. Haka kuma, masu shirya fim ɗin Her na 2013 sun so su nuna Los Anjalas ta nan gaba, sai suka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin a unguwar Pudong ta birnin Shanghai, inda akwai hanyoyin ƙafa da aka ɗaga sama da titi. Da wannan dabara guda suka kawar da motoci daga idon mai kallo, alhali mota tana cikin abubuwan da suka fi saurin tona shekarar da aka ɗauki fim.

Amfanin wannan hanya ya wuce rangwamen kuɗi. Ginin gaske yana da nauyi da ido ke ganewa ko da mutum bai san dalili ba. Rana ta daɗe tana dukan bangonsa, ruwan sama ya bar masa zane, hannuwan mutane sun goge ƙarfen matattakalarsa, kuma babu mai fenti da zai iya ƙirƙiro duk wannan cikin mako biyu. Haske yana sauka a kansa yadda ya kamata, ya dawo kan fuskar jarumi da launin da ya dace, ba tare da an yi lissafi ba. Sautin takun ƙafa a doguwar baranda ta kankare yana amsa kuwwa da kansa. Jarumin da ke hawa bene na gaske numfashinsa yana sauyawa, kuma kyamara tana iya binsa ta juya duk inda ta so, domin babu gefen da aka bari ba a gina ba. Ga darakta mai ƙaramin jari, wannan yana nufin ya sami aikin injiniyoyi da magina na shekaru a kan kuɗin takardar izini da man janareta.

Aibunta ma a fili suke, kuma bai kamata a raina su ba. Ginin ba naka ba ne, don haka mai shi ne zai yanke maka sa'o'in aiki, ba za ka fasa bango ba, ba za ka kunna wuta ba, kuma idan ofis ne mai yiwuwa sai ƙarshen mako ko tsakar dare za a ba ka. Hayaniyar titi tana shiga makirufo. Mafi girman haɗarin kuwa shi ne mai kallo na gida ya gane wurin. Idan Bakano ya dubi allo ya ce ai nan Sakatariyar Audu Baƙo ce, to shekara 100 da aka ce an tsallaka ta rushe a take. Maganin wannan aiki ne na haƙuri: a cire allunan sanarwa, a ɓoye na'urorin sanyaya ɗaki da wayoyin da ke rataye, a guji fuskar ginin da kowa ya sani, a ɗauko shi daga ƙasa ana kallon sama ko daga wata kusurwa da mai wucewa bai saba tsayawa ba. Sannan dole marubuci ya yarda labarinsa ya lanƙwasa ya bi ginin, wanda ba kowane marubuci ne ke jure wa hakan ba.

Akwai wani reshe na wannan hanya da ya fi kusa da mu, kuma a ganina shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Lokacin da George Lucas ya je ɗaukar Star Wars, wanda ya fito a 1977, bai nemi gilashi da ƙarfe don gidan jaruminsa ba. Ya tafi Matmata a kudancin Tunisiya, inda 'yan ƙabilar Barbar suka daɗe suna haƙa babban rami a ƙasa ya zama tsakar gida, sannan su fafe ɗakuna a jikin bangon ramin domin tsira daga zafin rana. Wani otal mai suna Sidi Driss, wanda aka yi shi a irin wannan gida, shi ne ya zama cikin gidan a fim ɗin, kuma sunan duniyar da jarumin yake zaune, wato Tatooine, an samo shi ne daga garin Tataouine. A kashin da ya fito a 1999 an sake komawa yankin, aka yi amfani da tsofaffin rumbunan hatsi masu hawa-hawa na Ksar Hadada a matsayin unguwar bayi. Miliyoyin mutane sun kalli ginin gargajiya na bakin Sahara suka karɓe shi a matsayin wata duniya, ba don an sauya shi sosai ba, sai don an liƙa masa 'yan bututu da na'urori da suka nuna cewa mazaunansa suna da fasaha. Abin da wannan ya tabbatar shi ne baƙunta a ido ba ta dogara ga sabunta ba.

Fim ɗin District 9 na 2009 ya kai wannan dabara wani mataki. An ɗauke shi a Chiawelo cikin Soweto, a tsakanin bukkokin kwano na gaske da ake kwashe mazaunansu zuwa gidajen gwamnati, kuma babban abin da kwamfuta ta ƙara shi ne jirgin da ke rataye a saman Johannesburg da halittun da suka zo a cikinsa. Ƙurar wurin da tsatsarsa su suka sa aka yarda da jirgin. Labarin ya samo tushe daga unguwar District Six ta Cape Town, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta turawa a 1966 ta kori mutane fiye da 60,000. Ba zan wuce ba tare da na ambaci cewa fim ɗin ya siffanta 'yan Nijeriya da mummunar siffa ba, har ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi. Wannan ma yana cikin lissafin mai amfani da wuri na gaske: wurin yana da mutane, mutanen suna da mutunci, kuma abin da ka ɗora wa unguwarsu a allo zai bi su bayan ka naɗe kayanka.

Ginin wucin gadi yana ba da abin da hanyar farko ta hana, wato cikakken iko. Bango yana cirewa kyamara ta shiga, fitila tana zama inda aka so, babu mai korar kowa da ƙarfe shida na yamma. Akwai abubuwan da ba a samunsu ta wata hanya. Domin fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, Stanley Kubrick ya sa kamfanin injiniya na Vickers-Armstrong ya ƙera masa wani babban ɗaki mai juyawa kamar ƙafar keke, faɗinsa kusan mita 12, a kan kuɗi dala 750,000 na wancan zamani, domin a ga ɗan sama jannati yana gudu yana zagaye cikin jirgi har ya bi ta rufi. Babu ginin da ke tsaye a duniya da zai ba da wannan. Amma farashin iko yana da zafi. Metropolis ya ɗauki kusan wata 17 ana ɗaukarsa, ya ci fiye da mak miliyan 5 a kuɗin Jamus na lokacin, ya kuma jefa kamfanin UFA da ya shirya shi cikin mawuyacin halin kuɗi. Kuɗin gini ana biyansa ne tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, kuma idan an gama sai a rushe.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa wannan hanya ta masu miliyoyi ce kawai. Fim ɗin Cube, wanda aka yi a Kanada a 1997, labarin mutane ne da suka farka a cikin wani kurkuku mai ɗakuna masu yawan gaske, duk siffarsu ɗaya. Cikakken ɗaki ɗaya tak aka gina, ana sauya launin allunan bangonsa daga ja zuwa shuɗi zuwa fari, sai mai kallo ya ɗauka an shiga wani sabo. A nan marubuci ne ya yi tanadin kuɗin tun a kan takarda, domin ya ƙago duniyar da maimaituwa ita ce abin tsoronta. Duk labarin da ke faruwa a rufaffen wuri, ko cikin jirgi, ko ɗakin gwaji, ko mafakar ƙarƙashin ƙasa, wannan hanya ce tasa, kuma a nan ginin gaske ba ya iya gasa da ita. Kafintoci da masu walda da masu aikin filastar silin da muke da su a garuruwanmu za su iya wannan aiki idan an ba su zane mai kyau. Abin da sukan buƙaci a nuna musu shi ne tsufar da gini, domin sun saba miƙa aiki yana ƙyalli, alhali bangon fim yana son tabo da ƙura da alamar hannu. Dole kuma a yi tunanin zafi: rufaffen sito da fitilu a watan Afrilu a Kano wahala ce ta gaske ga jarumai, ga kuma haɗarin gobara inda katako da fenti da wayoyin wuta suka taru.

Ƙananan samfura na cikin wannan babi, kuma an yi saurin mantawa da su. Dogayen benayen Metropolis samfura ne, kuma Eugen Schüfftan ya haɗa su da mutane ta hanyar ajiye madubi a karkace gaban kyamara, a kankare wani sashe na bayansa, ta yadda samfurin zai bayyana a madubin, jarumai kuma su bayyana ta gurbin da aka kankare. A Blade Runner na 1982, babban gini mai siffar dala na kamfanin da ke mamaye birnin samfuri ne, titunan kuma tsohon titin wucin gadi ne na situdiyon Warner a Burbank, wanda aka lulluɓe da bututu da fitilun talla, aka ɗauke shi da daddare cikin ruwan sama da hayaƙi. Aka haɗa da ginin Bradbury na 1893, wanda yake tsaye har yau a Los Anjalas. Duhu da ruwa da hayaƙin nan suna da aiki biyu, suna ba da yanayi, suna kuma ɓoye inda katako ya ƙare. Mai ɗaukar fim a ƙasar Hausa yana da kwatankwacin wannan kyauta a hazon hunturu, wanda ke dusashe nesa ya bar gine-gine kamar inuwa, ya kuma sauƙaƙa haɗa samfuri ko zane da hoton gaske.

Kwamfuta ita ce hanyar da ta fi jan hankalin matasa, kuma dalilin a bayyane yake. Manhajar zane ta Blender kyauta ce, darussanta sun cika intanet, kuma ba ta da iyakar tsawo ko faɗi. Wasu matasa a Kaduna da ke kiran kansu The Critics Company sun nuna abin da za a iya da wayar hannu da koren ƙyalle (wanda ake shimfiɗawa a bayan jarumi don kwamfuta ta maye gurbinsa da zane) da wannan manhaja, har labarinsu ya bazu a duniya a 2019, kuma a 2020 daraktan fim ɗan Amurka J.J. Abrams ya aika musu da kayan aiki. Ina ganin ƙoƙarinsu abin alfahari ne. Amma gajeren fim na minti biyar ko goma daban ne da fim na minti 90, kuma a tsakanin su biyun ne wannan hanya take yaudarar mutane. Kuɗinta ba ya bayyana ranar ɗauka, sai daga baya, a watannin da za a yi ana zaune gaban allo. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, kowane hoto sai na'ura ta lissafa haskensa da inuwarsa, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas wannan lissafi yana komawa kuɗin mai ko na batirin sola.

Matsalolinta na fasaha ma sanannu ne. Koren ƙyalle yana watsa launinsa a kan fata da tufafi. Hasken da aka haska jarumi da shi a ɗaki ba safai yake dacewa da hasken birnin da aka zana daga baya ba, kuma ido yana kama wannan saɓani nan take, musamman a ƙafafu, inda inuwa ya kamata ta haɗa mutum da ƙasa. Mayafi mai shara-shara da gefen babbar riga mai kaɗawa suna cikin abubuwan da suka fi wuyar yankewa daga kore, wanda ke nufin suturarmu tana ƙara wa aikin nauyi. Jarumi kuma yana kallon abin da babu shi, sai idanunsa su rasa wurin sauka. Manyan kamfanoni sun san waɗannan matsaloli, shi ya sa suke kashe kuɗi don kauce musu. Domin shirin The Mandalorian na 2019 an kafa bangon allunan haske mai tsawon kusan mita 6 da faɗin kusan mita 23, wanda ya kusa zagaye jarumai, ana nuna musu duniyar da aka zana tun a lokacin ɗauka domin haskenta ya sauka a jikinsu. Masu shirya Dune na 2021 kuwa sun yi amfani da ƙyalle mai launin rairayi a maimakon kore a wurare da yawa, saboda hasken da zai dawo kan fuska ya zama na hamada. Dabarar farko ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari, amma ta biyu tunani ce kawai da kowa zai iya ara.

Babban abin da nake tsoro game da kwamfuta bai shafi fasaha ba. Intanet cike take da gine-ginen da aka riga aka zana, ana saukewa kyauta ko da kuɗi kaɗan, kuma kusan dukkansu dogayen benayen gilashi ne masu fitilu shuɗɗa. Wanda ya tara su ya jera zai sami birni cikin kwana biyu, amma birnin ba zai faɗi komai game da mutanen labarinsa ba, wato ya faɗi a ma'aunin farko. Birnin Wakanda na Black Panther, wanda ya fito a 2018, da kwamfuta aka gina shi, amma abin da ya ba shi rai shi ne binciken da mai tsara wuraren fim ɗin, Hannah Beachler, ta yi, wadda ta tara kundi mai shafi kusan 500 a kan tarihin ƙasar da ta ƙago da tsarin gininta, ta ɗora wa dogayen benaye rufi mai siffar bukka, ta kuma aro itatuwan da ke fitowa daga jikin bango irin na masallatan Tambutu. A 2019 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oska a wannan fanni. Haka ma birnin hamada na Dune: bangayensa masu kauri ne, a kishingiɗe domin iska ta zame ta wuce, tagoginsa kuma 'yan tsaga ne da ke shigo da haske su bar zafi a waje. Wanda ya zana shi ya fara ne da tambayar yadda rana da guguwa za su tilasta wa mutane yin gini.

Wannan tambaya magabatanmu sun amsa ta tun da daɗewa, kuma nan ne mai shirya fim na Hausa yake da jarin da bai cika lura da shi ba. Bango mai kauri na tubali da ke riƙe sanyi, ƙaramar taga a can sama, zaure da ke raba baƙo da cikin gida, azara ta giginya da ake ɗaure bakan gizo da ita har a rufe babban ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, zanko a kan soro, duk amsoshi ne ga zafi da tsarin zama. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, sun nuna iyakar da ƙasa za ta iya kaiwa a hannun gwani. Wuraren ibada ba wuraren ɗaukar almara ba ne, kuma ban kawo su don a kai kyamara ba, sai don mai zane ya je ya yi nazari. Ba kuma tarihi ne da ya tsaya ba: a Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala wani aiki a 2018 inda suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji. Duk mai son ya hango Kano ko Damagaram bayan shekara 100, lokacin da zafi zai ƙaru, ya fi kusa da gaskiya idan ya fara daga nan a kan ya fara daga gilashi.

Idan aka zo yanke shawara, irin labarin ne zai ja gaba. Labarin mutum uku ko huɗu da aka kulle a wuri ɗaya yana son ɗaki ɗaya da aka gina da kyau, a kashe kuɗin a kan bangonsa da fitilunsa. Labarin hukuma da talakawa, ko na kamfani da ma'aikata, yana son ginin gaske, kuma muna da su fiye da yadda muke zato: gine-ginen kankare na jami'o'in da aka kafa a shekarun 1960 da 1970, masaƙun Kakuri da suka daina aiki a Kaduna, masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta da aka fara a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, ragowar badala, da lungunan tsohon birni. Kowannensu yana buƙatar izini a rubuce, wasu kuma suna da matakan tsaro da za su iya hana ɗauka gaba ɗaya, don haka a nemi izinin kafin a rubuta fitowar da ta dogara da wurin. Haka ma ɗaukar hoto daga sama da jirgi marar matuƙi yana da nasa izinin. Labarin da dole sai an ga birni gaba ɗaya daga nesa, ko an ga rushewarsa, shi ne ba shi da makawa sai kwamfuta, kuma a nan shawarata ita ce a ƙidaya irin waɗannan fitowa tun a rubutu a taƙaita su, a kuma kafe kyamara wuri ɗaya yayin ɗaukarsu, domin ƙara hawa goma a kan benen gaske a hoton da ba ya motsi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan zana titi ɗungurungum a hoton da ke tafiya.

Kowace aka zaɓa, kada a tara jarumai kafin a gwada fitowa ɗaya daga farko har ƙarshe: a je wurin a daidai lokacin da za a yi ɗaukar, a tsayar da mutum ɗaya cikin suturar fim ɗin, a ɗauka, a kai wa mai kwamfuta ya ƙara abin da zai ƙara, a rubuta kwanakin da aikin ya ci, sannan a ninka su da yawan fitowar da ke cikin rubutun. Idan lissafin ya wuce watannin da furodusa zai iya jira, rubutun za a koma a gyara, a mayar da wasu fitowar cikin ɗaki ko cikin dare, tun kuɗin bai fara fita ba.